Zoben da Rina Ta Sa Aka Yanka

Ranar wata Asabar ce da kaka, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, rina ta harbi Inna a yatsa. Muna zaune a tsakar gidanmu, a wani ɗan ƙauye kusa da Bakori, muna ɓare masarar da aka jibge daga gona, sai ta miƙa hannu ƙarƙashin jinkar rumbu za ta ciro faifan da ta saƙale a can. Ta ce wash, ta yarfe hannun, ta koma ta ci gaba da aikinta kamar ba a yi komai ba. Kafin azahar yatsan ya kumbura ya yi suntum, zoben azurfar da ke jikinsa ya nutse cikin nama. Aka shafa sabulu, aka shafa man gyaɗa, maƙwabciyarmu ta zo ta naɗa zare tana ja a hankali, zobe ya ce bai san zancen ba. Da Baba ya dawo daga gonar auduga ya ga kan yatsan ya fara baƙi, bai ko cire takalmi ba ya ce in ruga in kira Sale maƙeri.

Inna ta so a bari zuwa gobe. Zoben nan na mahaifiyarta ne, wadda ta rasu a Mahuta tun Inna ba ta yi wayon riƙe kamanninta ba, kuma shi kaɗai ne abin da ya zo hannunta daga wajenta. Ban taɓa ganin ta cire shi ba, ko wajen tuƙin tuwo, ko wajen murza ƙuli-ƙuli. Baba mutum ne mai gajeriyar magana. Ya ce, "Ko zoben ko yatsan, ki zaɓi ɗaya." Inna matar kulle ce, don haka a bakin ƙofar zaure aka yi aikin. Ta tsaya daga ciki ta lulluɓe da mayafi, ta miƙo hannun waje. Sale ya cusa ɗan siririn gwangwani tsakanin zobe da fata, ya ɗauko magagari ya fara goga. Ana cikin haka, zufa na keto mata don zafi, sai na ji muryarta daga bayan ƙofa: "Dije, shimfiɗa zane a ƙasa, ki tari garin." Na shimfiɗa. Da zoben ya yanke, Sale ya buɗe shi da awartaki, yatsa ya samu sarari, ni kuma na tattara ɗan ƙyalƙyalin garin da ya zuba, wanda bai cika bakin farce ba, Inna ta ƙulle shi a tsumma.

A nan aka tsaya. Sale maƙerin baƙi ne, mai fartanya da garma da lauje. Ya gaya wa Baba cewa yanka dai ya yanka, amma haɗi aikin maƙerin fari ne, masu azurfa da tagulla, kuma duk yankinmu mutum ɗaya ke yi, Malam Iro, da ke kafa rumfa ranar kasuwar Bakori. Baba ya ce a kawo ya kai masa. Inna ta ƙi. Mata sun daɗe suna faɗa a tsakaninsu cewa da zarar mai azurfa ta juya baya, maƙeri zai narka ta ya gauraya da wani ƙarfe ya riƙe rabi. Ko gaskiya ne ko sharrin mata, ni dai ban taɓa ganin Malam Iro ya yi ba. Amma Inna ta kafe a kan magana ɗaya: "Azurfata ba ta shiga wuta sai ina kallo." Ita ba ta zuwa kasuwa, shi kuma ba zai kinkimo zugazugi da uwar maƙera zuwa ƙauye saboda zobe ɗaya ba. Ni da bakina ba ya shiru, na ce, "Inna, bari, ni zan haɗa miki." Duk gidan aka kwashe da dariya. Inna ta ce, "Allah ya kai mu, maƙeriya." Daga ranar sunan ya bi ni, zoben kuwa ya shiga gwangwanin man shafawa ya kwanta a ƙasan adaka.

Ni ban ɗauki maganar wasa ba. Duk ranar kasuwar da ba makaranta, ni ake ɗora wa tallan ƙuli-ƙuli, kuma na gano cewa babu inda ƙuli-ƙulina ya fi son zama kamar gefen rumfar Malam Iro. Tsoho ne siriri mai tabarau ɗaure da zare, kayan aikinsa duk ƙanana, kamar an rage wa na Sale girma don yara. Mata tsofaffi da Fulani masu tallar nono suna zagaye shi, kowace ta zuba ido a kan abinta, mai awarwaro, mai 'yan kunne, mai munduwar da ta karye. Ina ganin yadda yake goge bakin ƙarfe biyu har su haɗu babu ko tsagar gashi, ya shafa wani farin gari da yake kira sinadari, tun kafin in ji kalmar a bakin malamin kimiyya, ya ɗora ɗan mitsitsin abin liƙi, ya sa a gawayi. Abin liƙin zai yi zaune, ya yi zaune, sai farat ɗaya ya narke ya bi tsagar ya ɓace. Sai ya cire ya jefa cikin ruwan lemun tsami, abu ya fito fari tas. Ban taɓa gajiya da kallon wannan ɗan lokacin ba.

Da ya lura na zama kamar ɗaya daga cikin kayan rumfarsa, ya tambaye ni ɗiyar wa ce. Na faɗa, na kuma gaya masa abin da nake so. Bai yi dariya ba, wannan kam na yaba masa. Ya ce ƙira gado ce, ko namiji ne ya shigo ta daga waje shigege ake ce masa, balle mace, balle ɗiyar manomin auduga. Amma idan ɗansa ya tafi cin abinci, yakan ce in zo in riƙe masa zuga, kuma abu ɗaya ya taɓa koya mini da baki. "Daina kallon wutar," in ji shi, "launin ƙarfen za ki kalla. In ya wuce ja, kin makara."

A gida na buɗe tawa maƙerar a bayan rumbu. Dutsen niƙa da ya fashe shi ne uwar maƙera, tsohuwar ƙusa da guntun ƙarfen keke su ne sauran kaya. Wani kawuna mai gyaran rediyo ya ba ni naɗin jar waya daga cikin wadda ta mutu. Idan na gama surfe da ɗebo ruwa, sauran 'yan mata suna 'yar carafke ko suna yi wa 'yartsana kitso, ni ina can ina naɗa waya a jikin kara ina bubbugawa. Kafin a gama cirar auduga, rabin 'yan matan ajinmu suna sanye da zobena. Ranar Litinin da ake duba farce a layi, Malama ta ga yatsu kore-kore a jere, ta zaci wata cuta ce ta shigo makaranta. Da aka bi sawu aka zo kaina, ta ƙwace duka ta zuba a aljihun tebur, ta ce in kuma ta sake gani sai na yi sharar filin makaranta ni kaɗai. A haka na san cewa tagulla tana rina fata. Lanƙwasa waya na iya, amma haɗa baki biyu su zama ɗaya ya fi ƙarfin wutar murhu da bakina da nake hurawa.

Daga nan rayuwa ta ɗauke ni. Na tafi makarantar kwana, na yi makarantar horon malamai, na yi aure a Funtuwa, na shiga koyarwa da haihuwa da raino. Malam Iro ya rasu. Cikin 'ya'yansa ɗaya ya koma waldar ƙofofi, ɗaya ya kama acaɓa, kasuwa kuma ta cika da 'yan kunnen kanti masu sheƙi da arha. Lokacin da Inna ta manyanta ta fara fita unguwa, babu sauran maƙerin fari a kusa. Na sha cewa ta kawo in kai wa masu gyaran gwal a birni, ta ce su ciki suke shiga da kaya su rufo ƙofa. Duk Sallah idan muka taru, sai ta dube ni a gaban 'ya'yana ta ce, "Maƙeriya, ina aikina?" A yi dariya, ni ma in yi. Amma maganar tana sukar raina, don na san ƙarƙashin tsokanar tana nufi.

Sai da yarana suka girma hannuna ya samu sarari. Wata rana babbar 'yata ta nuna mini hoton bidiyo a waya, wata mata tana liƙa zobe a kan teburin ɗakinta da 'yar ƙaramar wutar gas, babu zugazugi babu gawayi. Na maimaita shi har cajin wayar ya ƙare. Na sa ƙanena da ke zuwa Kano ya sayo mini wutar da magagari da ƙaramin zarto da awartaki, na share wani lungu a bayan kicin. Maigidana ya leƙo ya ga hayaƙi, ya ce, "Malama, ki dai bar mana rufin ɗaki." Na ƙona tebur, na ƙona yatsu, na narkar da zobban tagulla suka dunƙule kamar kashin awaki. Kowace Asabar ina can. Da hannuna ya faɗa, na koma wayar azurfa, kuma yanzu malaman makarantarmu da dama 'yan kunnena ne a kunnensu. Ba na sayarwa, abin sha'awa ne kawai, kuma har yau shigege ce ni, ban musa ba.

Kakar bara na ɗaure kayana a jaka na hau mota zuwa gida. Baba ya daɗe da rasuwa, an rushe rumbun an gina ɗakin ajiye buhuna a wurinsa. Inna tana nan, amma yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta bambance haske da duhu. Da na gaya mata abin da ya kawo ni, ba ta tsokane ni ba. Ta lalubo gwangwanin daga adaka ta miƙo mini, har da ƙullin tsumman nan, ta ce in mayar wa zoben da garinsa. Na bi garin da maganaɗisu na tsame na ƙarfen Sale, na narka sauran ya zama ɗan ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba, na haɗa shi da abin liƙi. Muka zauna a tsakar gida da hantsi, ta matso har gwiwarta tana taɓa tawa. Na ce ta ja baya kada wuta ta taɓa ta. Ta ce, "A'a, ina kallo."

Na san idan na bari ya wuce ja, zoben zai narke, kuma babu wani. Na daina kallon wutar. Azurfar ta yi duhu, ta fara ja kaɗan, abin liƙin ya yi zaune, sai farat ɗaya ya bi tsagar. Na janye. Na jefa shi a ruwan lemun tsami, na goge, na saka mata a tafin hannu. Ta zagaya shi da babban yatsa, ta sake zagayawa, sannan ta ce, "Ina wurin?" Na ce ai ba za ki same shi ba. Ta zura shi a yatsan da rina ta harba, ta sauke hannu, sai zoben ya zame ya faɗi, ya gangara har gindin randa.

Na auna komai a lungun kicin ɗina, amma ban taɓa tunanin auna yatsan Inna ba, don a raina hannunta yana nan yadda na san shi, mai kauri, mai murza ƙuli-ƙuli. Hawaye suka zo mini, na ji daɗi da ba ta gani. Ita kuwa dariya ta yi har da tari. Ta ce, "To, maƙeriya, sai ki sake yankawa." Na ɗauko zoben, na auna yatsan da zare, na sa zarto. Da ta ji ƙarar ƙarfe ta ɗaga kai ta ce, "Kin shimfiɗa zane a ƙasa?" Na ce na shimfiɗa. Na cire guntu, na sake haɗawa, ya zauna mata daidai. Ta karɓi guntun ta ƙulle a tsohon tsumman, ta danƙa mini ta ce in ajiye.

Zoben yana hannunta har yanzu, kuma duk wanda ya zo gaishe ta sai ta miƙa masa ya nemo wurin haɗin. A da akwai maƙeri a kasuwa da ido garau a gida, sai dai babu hanyar da za ta haɗa su. Yanzu maƙera tana shiga jakar hannu ta je har tsakar gida, amma rumfar Malam Iro ta zama shagon cajin waya, Sale ya bi Baba, ita kuma Inna da yatsa take kallo. Ƙullin yana kan teburin aikina a Funtuwa, wani lokaci nakan kwance shi in duba. Ɗan guntun nan shi ne abin da shekaru suka rage daga jikin Inna, ina can ina jiran in iya.