Gwaggo Tasalla, Dillaliyar da ke Shiga Har Ƙurya

Kafin masu koko su sauke tukunya, Gwaggo Tasalla ta riga ta fito. Mayafi a ka, 'yar waya a ƙulle a bakin zani. Takan bi gidajen da aka ce na sayarwa ne a cikin Batsari, ta yi sallama, ta wuce zaure kai tsaye. Ta gaida matan gida, ta tambayi lafiyar yara, a ba ta ruwa ta sha. Tana gaisuwar tana kallon bango. Ta leƙa rijiya, ta duba inda ruwan wanke-wanke yake bi, ta tambayi wa ke kwana a kowane ɗaki. Wata rana ta hau mashin zuwa Safana ta yi haka nan.

Da can dillaliyar zannuwa ce da kwanuka. Da 'yan bindiga suka fara tashin ƙauyuka, mata suka cika gari, da yawa ba maza, kowace tana neman inda za ta sa kai. Dillalan gidaje kuwa maza ne, suna bakin tasha a kan benci, kuma mace mai kunya ba ta zuwa can. Tasalla ta ajiye ƙunshin zannuwa ta kama harkar gidaje. Ba ta nemi izinin kowa ba.

Sun ce dillancin gida ba na mata ba ne. Har yau suna faɗa. To su karanta wannan, ko a karanta musu.

Mu ma cikin waɗannan matan muka zo, daga wani ƙauye bayan Babban Duhu, ni da Innarmu da ƙannena. Wani ɗan'uwan marigayi mahaifinmu ya ba mu aron ɗaki, daga baya ya ce ɗansa zai yi aure, yana son ɗakin kafin ruwa ya sauka. Inna ta sayar da shanun da suka rage mana don mu sayi gida. In kuɗin nan suka faɗa gidan rikici, ba mu da wani abin sayarwa kuma.

Wani dillali, Armaya'u, ya ce ga gida mai rijiya, magada ne ke sayarwa, magana ta ƙare. Ya kai kawunmu ya nuna masa daga zaure, don akwai matar aure 'yar haya a ciki, namiji ba ya shiga. Kawu ya dawo yana yabon katanga da ƙofar ƙarfe. Inna ta ce ta ji, amma ita ma tana son nata dillalin. Ta je ta sami Tasalla, suka yi magana a kan la'ada, ta ce a gano mata cikin gidan.

Tasalla ta shiga. A can bayan madafa ta tarar da wani ɗan ɗaki, a ciki wata tsohuwa, Larai, tana ɓarar gyaɗa. Ashe gidan na mahaifinta ne, ba a taɓa raba gadon ba. Yayanta ya rasu, 'ya'yansa suka sa gida a kasuwa, ba wanda ya tambaye ta. Daga bakin Tasalla ta fara ji.

Armaya'u na ƙofar gida lokacin da Tasalla ta fito, mutane sun ɗan taru.

"Gwaggo, har bakin abincinmu kika biyo mu? Ki koma kan kwanukanki mana."

"Kwanon ma in zan sayar, sai na kife shi na nuna wa mai saye gindinsa. Kai ka shiga gidan nan?"

"Ni namiji, in shiga gidan mutane?"

"To ka sayar da zauren, shi ka gani."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya aika mata cewa ta yi shiru a raba la'ada biyu, tsohuwa ai wani zai ɗauke ta. Ta ƙi. Shi da abokansa suka bi masu gidaje suna cewa kada a ƙara ba ta gida, mai ɓata ciniki ce. Wasu suka ji.

Innarmu ma ba ta ji daɗi ba. Ta ce hadari ya fara haɗuwa, ina za ta kai yara, ita ba ta zo raba gadon kowa ba. Tasalla ta bari ta gama, sannan ta ce, "Ramlat, an tashe ki daga ɗakinki, kin san ɗacinsa. Kuɗinki ba za su tashi wata mace ba. Ba dai ta hannuna ba."

Ba ta bar mu a nan ba. Ta riƙo hannun Larai har ƙofar mai unguwa, ta yi ta zarya sai da aka kira magadan, liman ya fitar wa kowa da rabonsa. Ɗakin tsohuwa da gefen tsakar gida suka faɗa nata. Aka ja katanga, aka fasa mata ƙofa ta lungu. Inna ta sayi sauran a gaban shaidu, gida ya ragu, kuɗinsa suka ragu, la'adar Tasalla ma ta ragu.

Yanzu gwiwoyi sun hana ta hawan mashin, ta ce bana za ta ajiye aikin.

Gwaggo, ke ce kika tsaya inda maza suka kauce. Ke ce kika gaya wa mai ba ki la'ada abin da ba ta son ji, kika kuma zauna da ita har ta sami gida. Dillaliyar marasa gata, an hana ki ciniki, kika ci gaba da fita.

Mai neman gida, kada ka ɗauki dillalin da iliminsa ya ƙare a zaure. Matan Batsari da Safana, har da na garin Zakka, wannan sana'a ba gadon kowa ba ce. Ku ɗaura zani ku kama, wanda zai yi magana ya yi.

Mun gode, Gwaggo Tasalla. Allah Ya ba gwiwoyinki sauƙi, Ya sa ki gama lafiya. Jiya an yi ruwa mai ƙarfi. Mun kwana a gidanmu, Larai ma ta kwana a nata.