Tukunyar da Rahmatu Ba Ta Ɗauka Ba

Rahmatu Sama'ilu ba da niyyar riƙe kyamara ta shiga aikin majigi ba. Shara da naɗe fim aka ɗauke ta yi a Kano. Amma maza ba sa shiga gidan matan aure, ita kuwa sallama kawai za ta yi, shi ya sa aka koya mata ɗauka. Kafin shekara biyar ta yi fim kan tsabtar rijiya, ta yi kan awon jarirai, ana yawo da su gari-gari.

Shekarar fari ta saba'in da uku, gero ya bushe a tsaye. Aka ce za a raba hatsin taimako, amma ba zai isa kowa ba, masu rabo na son ganin inda abin ya fi tsanani. Rahmatu ta roƙa aka tura ta ƙauyensu, arewa da Bici. Kuskurenta ɗaya, ta aika cewa tana tafe.

Mutanenmu kuwa, gara yunwa ta kashe su da a gan su da ita. Ta tarar an share gidaje fes, an aro zannuwa, an shafe yara da ɗan man da ya rage. Rumbunan da ko ɓera ya ƙaurace musu an gyara musu jinka. Kowane madafi hayaƙi yake.

A gidan Gwaggo Kulu, ƙanwar ubanta da ta goya ta, Rahmatu ta buɗe tukunyar da ke tafasa. Ruwa ne zalla. Kwana huɗu ke nan ana ɗora shi, don maƙwabta su ga hayaƙi, yara su yi shiru. Ta ɗaga kyamara, Gwaggo ta riƙe mata hannu.

"'Yar nan, rufa mini asiri. Duk Kano a ga tukunyata?"

"Gwaggo, ita za ta kawo muku hatsi."

"A bayana kika girma. Ban taɓa roƙon ki komai ba."

Rahmatu ta mayar da murfi. Ta ɗauki Gwaggo a kan tabarma tana murmushi, hayaƙi na tashi a bayanta.

Masu rabo suka kalli fim ɗin, suka ce waɗannan ai da sauran ƙarfinsu. Motar hatsi ta wuce wani garin. Buhu biyun da Rahmatu ta iya aikawa ko mako ba su yi ba. Kafin wata kakar an binne mutum goma sha tara daga cikin na fim ɗin, Gwaggo Kulu ce ta uku.

Abin ya ci Rahmatu har tsufanta. Ta ƙara shekara ashirin tana aiki, ba ta sake aika wa kowa cewa tana tafe ba, sai dai a gan ta a ƙofa. Aka riƙa ce mata marar kunya, ko a jikinta.

Bayan ta ajiye aiki, Larai jikar Gwaggo, wadda aka haifa bayan farin, ta roƙa a nuna mata kakarta a fim ɗin. Yarinyar ta kalla tana dariya.

"Allah sarki, mutanen da sun ji daɗinsu! Inna, me take dafawa?"

Rahmatu ta daɗe tana duban murmushin nan.

"Tuwo ne," ta ce.