Lanƙwasar da Ta Ɓata wa Malama Ikilima Darasi

Kowace safiya Malama Ikilima takan hau acaɓa daga Daura zuwa wata makarantar sakandare a hanyar Zango, inda ta daɗe tana koyar da ilmin halittu. Littafin darasi da Turanci yake, amma ita takan rubuta bayani da Hausa ta raba wa ɗalibai, domin ta gaji da haddar da babu fahimta.

Ran nan darasin ƙarshe ne kafin jarrabawa, kuma a kan abin da ya fi ba su wuya: zare-zaren furotin da ke cikin ƙwayar halitta, waɗanda suke tokare ta, su ba ta siffa, har su zama hanyar da kaya ke bi a cikinta. Ta raɗa musu suna "ƙashin ƙwayar halitta". Ta biya shagon Chidozie mai buga takardu, ta karɓi nata a gurguje ba ta duba ba.

Tana rabawa aji ya kece da dariya. Na'urar shagon ba ta da ƙ mai lanƙwasa, ƙashi ya koma kashi.

"Malama," in ji Musaddiq daga baya, yana toshe hanci, "ashe ita ma tana zagayawa?"

"Zauna, sarkin surutu! Ƙashi na rubuta, ƙashi!"

Ina! Duk sanda ta furta kalmar, sai wani ya tuntsure. Ta zana ƙwayar a allo, ta ce a dubi rumfar kasuwa, wadda ake kafawa da dirkoki da tanka, a kwance ta, a sake kafawa; haka zare-zaren nan suke. Ummukulsum kaɗai ta ɗaga hannu.

"To Malama, in ana kwancewa ana kafawa, ai ba ƙashi ba ne."

Kafin ta amsa aka kaɗa ƙararrawa. Ta tattara takardun, ranta a ɓace, domin yarinyar ta yi gaskiya, ga shi lokaci ya tafi a dariya.

Bayan la'asar ta zauna a tabarma da biro, ta fara yi wa kowane k lanƙwasa. Can sai ta yi tsaki ta dakata. Ta koma takarda ta farko ta soke kalmar ɗungurungum, ta rubuta "dirkokin ƙwayar halitta" a samanta. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, don ta miƙa musu da safe kafin su shiga ɗakin jarrabawa.