Ranar da Misis Garbutt ta sa wuƙa

Kafin shagunan garin Skipton na Ingila su buɗe, Misis Enid Garbutt ta riga ta dama garin alkamar da take liƙi da shi, ta wanke hannu, ta zauna gaban tebur. Sana'arta gyaran tsofaffin littattafai, musamman ƙagaggun labaran Turanci na bugun farko, waɗanda mu 'yan ƙungiyar masu tara su muke hauka a kansu. Ƙarshen watan nan za ta rufe shago, baya ya gaji.

Ba ta da sauƙi ko kaɗan. Ta taɓa korar limamin cocinmu don ya lashi yatsa zai buɗe shafi. Wanda ya kawo mata littafi liƙe da salatif kuwa sai ya sha faɗa kafin ya sha shayi, shayin ma a bakin ƙofa.

Shi ya sa har yau nake riƙe baki kan abin da na gani a gidan Mista Osbert Lumley, tsohon shugabanmu, bayan ciwo ya kwantar da shi, idonsa ya tafi. Yana da wani labari mai kashi uku wanda ba a taɓa yanke shafukan kashi na ukun ba. A da, naɗe takarda ake yi a ɗinke, mai saye ya tsaga bakinta da wuƙa kafin ya karanta. A wurinmu, wanda wuƙa ba ta taɓa ba shi ne abin tinƙaho. Marubucin ya sauya ƙarshen labarin a bugun da ya biyo baya, don haka ƙarshen na asali yana nan kulle cikin naɗin. Tun Lumley yana saurayi yake gadinsa, bai taɓa karantawa ba. Ga likita ya ce kwana ya ƙare.

Na je dubiya da rana, na tarar da ita gefen gado, littafin a cinyarta, wuƙar ƙashi a hannunta.

Na ce, "Enid! Me zan gani haka? Kanki ɗaya kuwa?"

Ta ce, "Matsa, Cedric, kana tare mini haske."

"Ba a taɓa yanke shi ba fa!"

"Ni za ka gaya wa? Wa ya yi masa akwatin?"

Sai Lumley ya ɗago kai daga matashi. "Cedric ne? A ba shi kujera kafin ya sume mana. Ni na roƙe ta. Duk wanda na roƙa cikinku sai ya ce in yi haƙuri. Haƙurin me, ina kan hanya?"

Ta zura wuƙar. Ƙyat! Na rantse sai da na ji ta a haƙarƙarina. Haka ta yi ta yi, ta yanke, ta karanta, ta share hawaye da gefen riga don kada su ɗiga a takarda. Da ta kai layin ƙarshe, tsohon ya ce, "Ashe marubucin ya bar masoyan sun rabu. To, wannan ya fi kama da gaskiya." Bai ga Lahadi ba.

Rabin ƙungiya suka daina gaishe ta, wasu suka kwashe aikinsu zuwa wani gari. Ba ta ba kowa haƙuri ba.

Ke ce, Enid, likitar takarda, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana hana littafi yagewa, amma da ta kama sai ki zaɓa, kika zaɓi mutum. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma 'yan'uwana masu kabad ɗin gilashi, ku yi koyi da ita, ku buɗe tun idonku yana gani, kada ku jira sai an zauna gefen gadonku an karanta muku.