Baba Tiamiyu da lanƙwasar da na nace a kai

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata 11 ga Fabrairu, 2025, da hantsi, Baba Tiamiyu mai gyaran jita ya rasu a shagonsa na unguwar Laranto a Jos. Ina tsaye a wurin. Abin da mutane suka ji shi ne injin yanka ya kashe shi. Akwai sauran magana, kuma a wuyana take.

Baba, kai ka mayar wa mijina Sharafaddeen sana'arsa. Ranar da yayansa ya fusata da kiɗan bikin da ƙanen ke yi, ya maka jitarsa ta bes mai kaurin sauti da bango har wuyanta ya tsage, kai ka tsince gutsattsarin, ka haɗa su da gam, ka ɗaure kwana tara. Da yayan ya biyo shi shago da sanda, ka tare ƙofa da guduma a hannu, ka ce ya fara da kai. Ya juya.

A bana Sharafaddeen ya sayo sababbin fikof, maganaɗisun nan da ke ɗauko sautin tsirkiya. Sun fi tsofaffin faɗi, sai ka sa kurfi ka faɗaɗa ramukansu a jikin katakon. Tsohon farantin robar da ke rufe gaban jitar ya daina dacewa. Ka dube ni ka ce, "Amarya, kullum littafi a hannu. Zana mana sabo mu gani."

Kwana uku ina zane a kwali. A littattafan da nake karantawa, mace kan bar wa mijinta wata alama da zai riƙa gani kullum, ni ma na so tawa. Na yi ganyen lalle mai siririn wutsiya da ta lanƙwasa ta zagaye fikof na ƙasa. Ka auna, ka yage shi gida biyu. "Roba ba takarda ba ce, Salma. Sukurori a ina za su zauna?" Na sake, ka sake yagewa. A karo na uku na gyara ramuka, amma na ƙi taɓa wutsiyar. Ka ce injin ba zai shiga lungun nan ba. Na yi kuka a gaban mutane.

Sai ka yi dariya, ka kwance murfin ƙarfen da ke kare faifan injin yankan don ya shiga lungun, ka fara yanka robar.

Ban ji ƙara mai yawa ba, tas kawai. Faifan ya fashe, ɓari guda ya shige gefen wuyanka. Jini ya tsartu har kan jitocin da ke rataye. Na danna gyalena a wurin, ya jiƙe, na danna hannuna biyu, yana fita ta tsakanin yatsuna da ɗumi. Injin yana ƙasa yana ta zabura kamar kazar da aka yanka, har Sylvester mai walda ya fizge wayar. Leɓɓanka suna motsi da kalmar shahada. Kafin a tsayar da keken da zai kai ka asibiti ka cika.

A cikin littafi, wanda aka yanka yakan samu lokacin cewa ya yafe. Kai ba ka samu ba, ni kuma ban roƙa ba.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Tiamiyu, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa zafin wannan yanka ya zama kankarar zunubansa. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa, Abdulrazaq da Oreoluwa, da makaɗan Jos da suka rasa uba.

Mama Shakirat, ranar sadakar uku kin rungume ni kina gode mini da na riƙe wuyan mijinki. Na karɓi godiyar. Shekara talatin bai taɓa cire murfin nan ba, sai saboda hawayena. Gobe bayan la'asar zan zo in durƙusa in faɗa miki da bakina. Allah Ya ba ki haƙurin rashinsa, Ya ba ni ƙarfin jin amsarki.

Salma Sharafaddeen, Congo-Russia, Jos