Lakar Kawu a Garkarmu

Garkar da mahaifinmu ya bar mana tana daidai inda gulbin Gabi yake faɗawa tabkin Madarumfa. Da damina ruwan yakan zo ja wur, a guje, amma da ya iso tabki sai ƙarfinsa ya mutu. Yashi yake fara zubarwa, laka kuwa sai can gaba. Yau da gobe abin da ya zubar ya tare masa hanya, ya rabu biyu, reshe ɗaya ya sake rabuwa, kamar sawun kaza. A lakwal, makarantar boko, mushe malaminmu ya taɓa zana mana irinsa a allo, wani kamar mafici, wani kamar ƙafar tsuntsu.

Wata shekara ruwa ya janye, muka tarar garkar ta ƙaru da baƙar laka, kusan taku ashirin. Inna ta ce in dasa albasa. Na dasa, amma raina bai kwanta ba, don a daminar nan gulbi ya cinye gefen gonar kawuna, ƙanen Inna, a Gabi. Duk sanda na tsoma hannu cikin lakar sai in ji ƙasarsa nake taɓawa. Na tambayi liman, ya ce kyautar Allah ce. Tun kafin in kai gida na fara zargin ban yi masa bayani daidai ba.

Da albasa ta isa cira na zuba ta a buhu don kawu, na hana kowa taɓa ta.

"Kai dai wasiwasi zai tsufar da kai," in ji Inna. Amma ita ta ɗinke mini bakin buhun.

Na kai wa kawu, na zayyana masa komai. Ya yi dariya har da tari.

"To ni wa zan kai wa, ɗan nan? Tawa lakar daga Najeriya ta gangaro, ko wurin 'yan duwan na kan iyaka ba ta tsaya ba!"

Sai ya ɗauki albasa guda, ya kankare busasshiyar lakar da farce, ya sunsuna.

"A gefen nan kakarka take shuka kuɓewa," ya ce. "Ashe ba ɓata ƙasar ta yi ba, gidan yayata ta tafi."

Uku ya ɗauka, ya tura mini buhun. "Ka ce wa Yaya ta yi miya. Na yafe, in yafewar kake so ka ji."

Ita nake so in ji. Ranar na ci miyar Inna har na nemi ƙari.