Motar Amarya a Hannun Abu Laisu

Duk wanda ya san titin jami'a a birnin Irbid ya san Mu'utasim, wanda ake kira Abu Laisu. Shagonsa na wasan tseren motoci ya girmi yawancin masu shigarsa. Tun fitowar wasan ta farko yake ciki, lokacin da motocin ke kama da kwalin ashana a talabijin mai ƙeya, kuma kowace sabuwar fitowa shi ke fara kawo ta unguwa. A gaban sitiyarin roba ya yi furfura, ba wanda ya taɓa cin sa. Har direbobin tasi kan leƙo su tambaye shi yadda ake shan kwana.

Ba wanda ya lura cewa a ƙafa yake zuwa shago, a ƙafa yake komawa.

Da bikin Ruwaida ya zo, uwarta, wato yayarsa Ummu Gassan, ta tsare shi.

"Kai ne kawunta. Kai za ka fito da ita daga gida, kai za ka ja motar."

"Yaya, a ba ɗanki Gassan mana."

"Gassan da ya rushe katangar maƙwabta? Ko gwanintar taka ta 'ya'yan mutane ce?"

Ya amince. Sunan da ya tara tun yana saurayi ne, bai iya zubar da shi a tsakar gida ba.

Ranar kai amarya ya sami farar motar haya, an lulluɓe ta da furanni, injin na aiki. Ya gode wa Allah, don a wasa ma haka ake miƙa ta. Ya sa giya, ya taka. Motar ta yi nishi ta tafi. Birkin hannu yana ɗage, shi kuwa bai san da shi ba, tunda a filin tsere ba a ajiye mota.

Ayari na baya, ana hon ana ganga. Kafin shataletale ƙauri ya cika motar, hayaƙi na tashi daga tayoyin baya.

"Kawu," in ji Ruwaida tana tari, "muna ƙonewa."

Aka tsaya. Gassan ya leƙo, ya sauke birkin da yatsu biyu, ya daɗe yana kallon kawunsa.

"Kawu, ka taɓa tuƙa mota kuwa?"

"Sun fi dubu."

"Ta ƙarfe nake nufi."

Abu Laisu ya saki sitiyari. Mai ganga ma ya sauke hannu. Ummu Gassan ta dafe ƙirji, ta zauna a bakin titi da kayan biki.

"Ni da nake cika wa matan unguwa baki da kai," ta ce.

A motar da ta ɗauko tukwanen mansaf, abincin bikin, aka ƙarasa da amarya.

Shagon na nan, kuma har yau ba mai cin sa. Direbobin tasi dai sun daina leƙowa. In sun zo wucewa, hon kawai suke danna masa.